Firintar da Ta Yi wa Babana Zanen Barebari

Jiya da dare wani mafarki ya same ni, kuma firintar ɗakina ce ta jawo mini shi.

Sai na fara faɗin abin da ya faru da rana. Goggo Dudu, ƙanwar mahaifina, ta zo Gombe daga ƙauyenmu na wajen Dukku don a duba mata ido. Likita bai ɓoye mata komai ba, ya ce hasken da ya rage kaɗan ne, ta kalli abin da take son kallo tun yanzu. Da muka dawo gida ta ce abu ɗaya take so ta gani, fuskar yayanta. Babana ya rasu ina shekara huɗu. Hotonsa ɗaya tak ya rage a duniya, shi ma bara wani ɗan'uwa ya turo mini a waya: saurayi da farar riga da farar hula, a jikin farin bango. Na miƙa mata wayar, ta kai ta har kan hanci, ta ce ita ƙyalli kawai take gani, a fitar mata da shi a takarda babba.

Matata Zuwaira ta ce a kai shagon masu kwamfuta. Na ce a kan me, ga firinta a ɗaki? Ni malamin labarin ƙasa ne, amma tun ranar da na gyara fankar wani kawuna nake ɗaukar kaina injiniyan dangi. Na yaye ƙyallen da na lulluɓe firintar da shi, na juya hoton a kwance don ya cika takardar, na danna.

Ya fito da fararen layuka. Rigar fara ce, bangon fari ne, saboda haka layukan ba su nuna a ko'ina ba sai a fuska, daga goshi zuwa haɓa, a jere reras kamar zanen Barebari. Mu kuwa Fulani ne, kuma wasan da ke tsakaninmu da Barebari ya girmi kakanninmu, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Goggo ta kai takardar kusa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Gidado, wa ya sayar da Hamma Siddi a Borno?" Ta yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba. Ta ce in ta rufe ido muryarsa tana zuwa mata, amma fuskar ta daina zuwa tun tuni.

Na buga takardar gwaji, baƙin ya fito da giɓi-giɓi. Na duba tawada, cike take. Na sa firintar ta wanke kanta, na sake, na kuma sakewa. Kafin in yarda an fi ƙarfina shaguna sun rufe. Na zare kan da ke fesa tawadar, na nufe shi da allura, Zuwaira ta ƙwace. Na ɗora shi a kan tsumma mai ɗumi, na mayar, ina shirin dannawa aka ɗauke wuta. Motar ƙauye kuwa ƙarfe bakwai na safe take tashi. Na shimfiɗa tabarma kusa da teburin na kwanta, haushin kaina ya ishe ni.

Sai ga ni a tashar mota da rana tsaka, firintar goye a bayana da zanin Zuwaira.

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa yana hawa sama. Mutane sun kifar da lemominsu sun tsaya a ciki, kawunansu a bushe, suna harkokinsu. Na tare wani mai rake na gaya masa cewa shekara ashirin da biyu ina koya wa ɗalibai ruwa saukowa yake yi. Ya ce ai ya sauko ya gama, yanzu gida yake komawa. Na gyara goyona.

Motar ƙauyenmu tana nan a inda take tsayawa kullum. Goggo na zaune a gidan gaba, ta buɗe tafukan hannunta a kan cinya. A gabanta an ajiye fitilar ƙwai tana ci, lagwaninta ya yi ƙasa. Na tambayi ɗan kamasho mutum nawa ya rage mota ta cika. Ya ce wannan motar ba fasinja take jira ba, fitilar take jira, tana mutuwa za su tashi. Na ce ina ake kai firinta marar lafiya? Ya nuna mini yamma da haɓa, ya ce in yi gabas.

Ban taka ko'ina ba na tsinci kaina a ofis.

A saman ƙofa an rubuta Hukumar Kula da Tawada. Ma'aikatan duk awaki ne. Wata jar akuya mai ɗankwali ta karɓi takardar kokena, ta karanta har ƙarshe, ta cinye. Na ce mata ai ban da wata. Ta ce a nan ba a sa fayil a kabad, ɓata yake yi, a ciki ake ajiye shi. Ta ce in zauna a benci tare da sauran masu goyo. Mun kai mu talatin, duk magidanta, kowa na jijjiga tasa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

Shugaban hukumar bunsuru ne mai babbar riga da tabarau. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe, don ban ga dalilin raina shi ba, na sha gaida waɗanda ba su kai shi natsuwa ba. Ya nemi takardar gwajin da na buga. Ya yage gefe ya sa a baki, ya lumshe ido yana taunawa a hankali.

"Shuɗi lafiya," ya ce. "Ja lafiya. Rawaya ta ɗan yi tsami, amma za ta kai ku. Baƙi ne bai zo aiki ba."

Na ce ranka ya daɗe, tawadar cike take, da idona na duba. Ya ce ya sani, cikinta a ƙoshe yake, bakinta ne a toshe. Ya tambaye ni yaushe rabon da in ba ta aiki. Na ce wata huɗu. Ya ce me ta yi mini? Na ce ba ta yi komai ba, tattalinta nake yi, har ƙyalle na sa aka ɗinka mata mai baki na leshi don kada ƙura ta taɓa ta. Ya cire tabarau ya goge da gemunsa.

"Malam, duk mutanen da ke bencin can son da suke wa firintocinsu ne ya kashe su. Firinta ba kwanon jere ba ce. Ko layi ɗaya ne a ba ta duk mako, in ba haka ba tawadar ta bushe mata a baki."

Kunya ta kama ni, don da bakina na sha hana Zuwaira taɓa ta. Ya tambayi sau nawa na sa ta wanke kanta a jere. Na ce sau biyu. Firintar ta yi tari a bayana. Na ce sau bakwai. Bunsurun ya buɗe taga ya nuna mini wani baƙin tafki mai faɗi. Ya ce wannan tawadar masu gaggawa ce, duk wanda ya danna wanki ya wuce sau uku bai bar ta ta huta ba, nan tawadarsa ke gangarowa. Tawa ce kusurwar can inda fararen agwagi suka koma baƙaƙe. Ya ce da gangan aka ɗauke mana wuta, don an ga in ba haka ba ba zan ƙyale baiwar Allah ta numfasa ba.

Na ce ranka ya daɗe, fitilar Goggo. Ya leƙa agogon hannunsa, wanda ba shi da hannuwa, ya ce da saura amma ba yawa. Ya tsoma kofato a tawada ya buga mini hatimi a goshi, ya ce in shiga ciki.

Cikin firintar unguwa ce guda.

Layi ne dogo, ƙofofi ƙanana a jere hagu da dama, unguwar duka tana tafiya a kan dogon ƙarfe, ta je gabas ta dawo yamma. A kowace ƙofa akwai ɗigon tawada sanye da baƙar riga, in lokacinsa ya yi sai ya yi bisimilla ya faɗa kan wani farin sarari da ke wucewa a ƙasa. Amma ƙofofi da yawa an toshe su da busasshiyar laka. Na kara kunne a jikin ɗaya. Wata murya ta ce suna nan ciki tun watan azumi, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

A ƙarshen layin wani tsohon wanzami na zaune, zabirarsa a gefe, yana wasa aska. Zanen fuskarsa kaɗai ya isa ya gaya maka daga ina ya fito. Ya ce sunansa Ba Kolo, kuma duk inda tawada ta kasa fita, shi ake kira ya cike gurbin. Na ce ashe shi ne ya tsattsaga fuskar mahaifina.

"Bafulatani ya zo wucewa ta gabana a kwance, hannuwansa a naɗe," ya ce, "kana so in bar shi ya wuce haka? Gata na yi masa, na shigar da shi cikin mutane."

Da a farke ne, da na mayar masa da wadda ta fi ta zafi, don ban taɓa barin Babarbare ya ci ni da baki ba. Amma na bar wasan. Na gaya masa maganar likita, da fitilar da ke gaban mota, da cewa tsohuwar ta manta fuskar yayanta. Ba Kolo ya dakata da wasa askar. Ya naɗe ta ya mayar cikin zabira, ya ce ai da na faɗa tun farko, su da mu wasa ne ba mugunta ba. Ya ce in buɗe ƙofofin shi kuma ya tafi hutu.

Na laluba hulata na zaro allura. Ina kai ta bakin ƙofar farko ta kumbura ta zama kamar taɓarya. Na ɗaga zan buga, ya riƙe mini hannu. Ya ce shi da tsaga ce sana'arsa bai taɓa kai ƙarfe jikin waɗannan ƙofofin ba, in na fasa ɗaya ta fasu ke nan har abada. Muryarsa a lokacin sak ta Zuwaira. Ya ce in sauke unguwar a ƙasa inda ruwa ke tasowa, in shimfiɗa tsumma, in zauna. Na ce har yaushe? Ya ce har in daina tambaya.

Na zauna a wani fili, unguwar duka a kan tsumma a gabana, ba ta fi akwatin ashana ba.

Ruwan yana tasowa ta cikin tsumman da ɗumi, irin na wankan jariri. Ni mutum ne wanda ko shayi ba ya iya jira ya huce, kullum harshena a ƙone yake. Na tambayi kaina har yaushe sau ashirin. Na leƙa tasha daga nesa, fitilar ta koma kamar ƙwayar gero. Na kai hannu zan jijjiga abin, na tuna baƙaƙen agwagi, na zauna a kan hannuwana.

Ban san lokacin da na daina tambaya ba. Na dai ga wani baƙin zare ya fito daga ƙofa ɗaya ya bi ruwa ya hau sama. Wani ya biyo shi. Lakar ta riƙa narkewa tana tafiya, gajimare na shanyewa. Ƙofofin suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, mutanen ciki na fitowa suna miƙa, suna gyara riguna, kowa ya wuce ta gabana sai ya ce sannu da haƙuri, Malam. Ba a taɓa gaya mini wannan kalmar ba a rayuwata. Daɗi ya kama ni, wani nauyi da na kwana da shi a ƙirji ya sauka, har na ji ina son in rungume bunsurun nan.

Sai ga ni a gaban farin bango, babana na zaune a bencin mai hoto.

Farar riga, farar hula, saurayi sharaf, na girme shi da shekara ashirin. Na rasa yadda ake gaida uban da ka girma, sai na durƙusa kawai. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce na riga shi furfura. Na ce ɗalibai ne. Ya gyaɗa kai kamar ya san su.

Layuka tara ne a fuskarsa. Na ɗauki tsumman mai ɗumi na fara gogewa daga goshi. Na farko ya tafi, na biyu ya tafi. Duk wanda na goge sai wani yanki na fuskar ya dawo: girar da ta yi kama da tawa, dogon hanci, wani ɗan murmushi da ya tsaya a gefen baki ɗaya. Ban taɓa kallonsa kusa haka ba, kuma ban so aikin ya ƙare. Na takwas ya tafi. Na tara gajere ne, a kumatun hagu ƙasa da ido. Na goge bai motsa ba. Na sake jiƙa tsumman na dirza, na sa farce. Can tasha na ji an tada mota.

Babana ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar wannan, Gidado. Mai shi tana mota."

Na juya in ga fitilar, ban gan ta ba. Motar ce kawai na ji tana gurnani, ta yi gaba ta dawo baya, ta yi gaba ta dawo baya, kamar direban ya rasa hanyar fita daga tasha.

Na buɗe ido. Gari ya waye, an dawo da wuta, firintar ce a saman kaina take kai da kawo. Zuwaira na tsaye da kofin koko a hannu, ta ce ta ga ina ta fama da tabarma ina kankare ta da farce, shi ya sa ta danna da kanta. Ban ce mata komai ba game da taɓa mini firinta.

Takardar ta fito a hankali, ta faɗo. Na ɗauke ta da hannu biyu na kai bakin ƙofa wajen haske. Baƙin ya cika, fuskar ta fito sumul, ba goshi a tsage, ba haɓa a tsage. Na yi hamdala a fili. Sannan idona ya sauka a kumatun hagu, ƙasa da ido. Ɗan gajeren farin layi na nan.

Na duba agogo. Bakwai saura kwata. Na ce ƙofa ɗaya ta rage a toshe, a ba ni minti biyar in sake wanke ta. Amma Goggo ta riga ta fito da ƙullin kayanta, ta miƙo hannu ta zare takardar daga nawa. Ta kai ta kusa da ido, ta bi ta daga hula zuwa ƙasa a hankali, sai ta tsaya. Ta ɗora yatsa daidai kan layin.

"Ga shi nan," ta ce. "Shi ne."

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa aikin inji ne. Ta ce wane inji? Ita ta yi masa. Tana shekara shida ya shanye mata nono, ta jefe shi da sakaina ta tsaga masa kumatu. Da innarsu ta tambaya, ya ce ƙahon saniya ne, don kada a doke ta. Shekara sittin da 'yan kai ba wanda ya sani sai su biyu.

Na buɗe wayata na ja hoton ya girma. Tabon na nan, shekara guda yana aljihuna ban taɓa lura ba.

Goggo ta zauna a bakin ƙofa inda rana ta fara sauka, takardar a hannu biyu, hancinta na kusan taɓa ta. Na tsaya da ƙullin kayanta na ɗan lokaci, sannan na ce, Goggo, mota za ta tashi.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ta tashi, ita ba ta gama kallo ba.